Tsadar Kwamfutar Allo: Ina Gaskiyar Masu Ƙorafi?

A watan Mayu na shekarar 2024 kamfanin Apple na Amurka ya fito da sabuwar iPad Pro, wato kwamfutar nan mai siffar allo wadda ake sarrafawa da yatsa. Mai inci 13 ta fara daga dala 1,299. Amma wanda ya ce a cika masa ita da komai, da rumbun ajiya na terabait 2, da layin waya, da gilashin da ba ya ƙyalli, sai ya biya dala 2,599. In ya haɗa da allon madannai na dala 349 da alƙalami na dala 129, kuɗin ya haura dala 3,000. Nan fa ƙorafi ya tashi, wai ta fi kwamfutar cinya tsada.

A ganina masu ƙorafin suna da gaskiya, sai dai sun yi kuskuren wurin da suka dosa. Babu wanda aka tilasta wa sayen ta ƙololuwa. A wannan watan dai kamfanin ya mayar da ƙaramar iPad dala 349, alhali ta farko, ta shekarar 2010, dala 499 aka sayar da ita. Ɗalibin da buƙatarsa karatu da rubutu ce, ƙaramar ta ishe shi. Babbar kuwa ta masu zane ce da masu tace fim, waɗanda da ita suke neman abinci. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Inda ƙorafi ya dace shi ne kan matakalar farashin. Daga gigabait 256 zuwa terabait 2, ƙarin dala 1,000 ne cif. Gaskiya ne an ninka wa manyan ƙwaƙwalwar aiki daga gigabait 8 zuwa 16, to amma a shekarar 2024 ana samun rumbun waje mai terabait 2 a ƙasa da dala 200. Sannan rumbun iPad a like yake, ba a sauya shi, kuma babu ramin sa katin ajiya irin wanda Galaxy Tab S9 ta Samsung take da shi. Saboda haka dole mai saye ya yi kirdadon buƙatarsa ta shekaru masu zuwa tun ranar ciniki. Tsoron cikar rumbu shi yake tura mutum mataki na sama, kuma a kan wannan tsoro ake cin riba.

Don haka kukan cewa kaya mai daraja ya yi tsada ba shi da amfani, domin araha ba ta ado. Abin da ya kamata masu saye su nema shi ne a buɗe musu hanyar ƙara rumbu bayan ciniki, ko a daidaita kuɗin ƙarin da na kasuwa. Kafin nan, mai hankali ya lissafa aikin da zai yi da ita, sannan ya tsaya a matakin da ya ishe shi.