Idan ƙungiyar chess ta koma sabon shafi, ina tsofaffin sakamako za su kwana?

Duk lokacin da wata ƙungiyar wasan chess ta yanki ta sanar da komawa sabon shafin intanet, magana ɗaya ake ji: ya fi kyau, ya fi saurin buɗewa a waya. Gaskiya ne, kuma mai sayen data da kuɗinsa ba zai ƙi ba. Sai dai da wuya sanarwar ta faɗi abin da za a yi da kayan tsohon shafin.

A chess, waɗannan kayan su ne dukiyar ƙungiya. A gasa ta sosai, kowane ɗan wasa yana rubuta motsinsa da na abokin karawarsa. Daga sakamakon ake lissafa makin da ke nuna ƙarfinsa, da makin kuma ake haɗa shi da tsaransa a gasa ta gaba. Ƙungiyar gundumomin kudancin Ingila, alal misali, tun 1892 aka kafa ta. Tarihin fiye da shekara 130 bai kamata a bar shi a hannun wanda aka ɗauko don gyara fuskar shafi ba.

An ga yadda asara take. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda ƙananan ƙungiyoyi da yawa suka ajiye shafukansu kyauta. Abin da ya tsira, masu sa kai da rumbun Internet Archive ne suka kwashe kafin a rufe ƙofa. Ita kuwa hukumar chess ta duniya, FIDE, da ta sabunta shafinta a 2019, ta bar tsohon a wani adireshi na daban domin mai neman tsohon labari ya same shi.

'Yan Najeriya ma na da abin tunawa a nan. A gasar Olympiad ta 1998 a birnin Elista na Rasha, Odion Aikhoje ya ci lambar zinariya a allo na biyu. Mai son ganin alƙaluman wannan nasara a yau, OlimpBase zai nufa, shafin da wani mai sha'awar wasan daga Poland ya gina. Gasar duniya ke nan. Gasar jiha ko ta shiyya, wadda sau tari sakamakonta ke ƙarewa a hoton takarda cikin zauren WhatsApp, wa zai tsaya ya tattara ta?

Abin takaicin, aikin ba shi da tsada. Wasanni dubu da aka adana a tsarin PGN ba su kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Matsalar ta mutane ce. Mutum ɗaya ne ke riƙe da kalmar sirri, da sunansa aka yi rajistar adireshin, daga aljihunsa ake biyan kuɗin shekara. Ran da ya gaji, ko ya sha kaye a zaɓen shugabanni, ko ya rasu, shafin ya bi shi.

Don haka kafin a yi bikin buɗe sabon shafi, mambobi na da haƙƙin su ga an kwafe duk teburan sakamako, an bar tsofaffin adireshi suna kai mutum wurin da ya dace, an kuma mayar da rajista da sunan ƙungiya tare da mutum biyu ko uku masu riƙe da makulli. Idan ba a kammala wannan ba, a bar tsohon shafin a buɗe ko da za a biya kuɗin wata shekarar.