Ƙidayar lomar biri ba aikin banza ba ne

Manomi ya san biri da ɓarnar gona. Saboda haka, idan ya ji an ce akwai malamai masu wuni a daji suna ƙidayar lomar biri, dariya zai yi. Mu dai a ganinmu aikin nan yana da amfani.

A shekara ta 1971, wani malami ɗan Amurka, Stuart Altmann, da matarsa Jeanne suka kafa bincike a dajin Amboseli na ƙasar Kenya, a kan manyan biran nan da ake kira bika. Ga yadda ake aikin. Mai bincike yana zaɓen biri guda, ya bi shi da agogo da takarda. Yana rubuta abin da ya ci, da mintin da ya yi yana ci, da yawan lomarsa. Sa'an nan a ɗebo irin ciyawar da ƴaƴan itacen, a auna su, a gano abin da ke cikinsu mai ba da ƙarfi da mai gina jiki.

Haka Stuart ya bi ƴan birai 11 masu kusan yaye. A 1991 ya bayyana abin da aka gani. Matan da suka samu isasshen abinci suna ƙanana, su ne suka fi daɗewa suna haihuwa, kuma ƴaƴansu suka fi rayuwa.

Wani zai ce biri ba mutum ba ne. Gaskiya ne, amma ya yi kama da mutum, kuma shi ma lokacin yaye ne yake shan wuya.

A gidajenmu da yawa, ƙaramin yaro yana sa hannu cikin akushi ɗaya da yayyensa. Wa ya san loma nawa ta shiga cikinsa? Ta wannan ƙofa tamowa take shigowa ba a sani ba.

Nono kaɗai ya ishi jinjiri har wata 6. Daga nan a ƙara masa kunu mai kauri, da gujiya, ko wake, ko ƙwai, sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9, sau 3 zuwa 4, yana ci gaba da shan nono har shekara 2. A ba shi ƙwaryarsa shi kaɗai, a zauna tare da shi har ya gama. A kai shi awo likita kowane wata.

Iyaye, mu riƙa duba abin da yaro ya ci da idonmu. Gani ya kori ji.