Ruwan Matsar Rogo: A Auna Kafin A Zargi Maƙwabci

A hutun da ya wuce na je ƙauyenmu a Jihar Ogun, na tarar da rigima tsakanin gidaje biyu. Awaki uku sun mutu a yini ɗaya, mai su kuwa ta rantse maƙwabciyarta ce ta ba su guba. Magana har gaban mai gari. Amma babu wanda ya waiwayi kwatar da ke bayan rumfar da ake yin garin kwaki, inda ruwan matsar rogo yake kwanciya fari fat kamar ruwan kamu. Da idona na sha ganin dabbobi suna sha a wurin.

Mai karatu, rogo yana ɗauke da gubarsa tun daga gona. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna linamarin. Da zarar an gurza rogon, sinadarin sai ya narke ya saki sayanaid, gubar da ke hana jiki amfani da iskar da muke shaƙa. Shi ya sa iyayenmu suke ɗaure gurzajjen rogo a buhu, su danne shi kwana uku ko huɗu kafin su soya. Yawancin gubar tana bin ruwan nan ta fita, saura ta bi iska. To, ina ruwan yake zuwa? Cikin ƙasa, da rafin da yara suke wanka. Wasu masu sana'ar kuma, don saurin kai kaya kasuwa, kwana ɗaya kawai suke yi su soya.

Ba dabbobi kaɗai abin yake taɓawa ba. Tun wajajen 1968 Farfesa Osuntokun na Ibadan ya yi rubutu a kan wata cutar jijiya a ƙasar Yarabawa mai raunana gani da ji da tafiya, ya danganta ta da yawan cin rogo. A 1981 kuma, lokacin fari, cutar konzo ta shanye ƙafafun mutane fiye da dubu a arewacin Mozambik.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwajin ba shi da wuya. Wani masani a Ostireliya, Howard Bradbury, ya tsara hanya mai sauƙi. Ana zuba ɗan gari ko ruwan da ake zargi a ƙaramar kwalba, a saka wata takarda mai ruwan ɗorawa da aka jiƙa da sinadarin fikiret, a toshe, a bari ya kwana. Idan akwai guba, takardar za ta rine ta koma ruwan ƙasa, sai a gwada ta da jadawalin launuka. Ma'aunin da hukumomin lafiya na duniya suka amince da shi ga garin rogo shi ne miligiram 10 a kilo ɗaya. Ni da nake karatun harshe ma na fahimci wannan, balle 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar sinadarai.

Wani abokina ya ce ai harshe ya isa, mai ɗaci shi ne mai guba. Akwai gaskiya a ciki, amma wa zai ɗanɗana ruwan kwata? Kuma tsamin gari yana ɓoye ɗaci.

A ra'ayina, maimakon kundayen digiri da ke shan ƙura a kanta, a riƙa tura ɗaliban kimiyya rumfunan garin kwaki da ke kewaye da jami'a kowane zango, su auna gari da ruwa da ƙasa. Mu 'yan sashen Hausa mu bi su, domin fatake da yawa da ke lodin garin nan zuwa Arewa Hausa suke ji, kuma suna da haƙƙin sanin abin da suka saya.

Matan nan biyu har na baro gida ba sa gaisawa, kwatar kuma tana nan a buɗe.