Yamai: Me ya sa kwanan talakan baƙo ke da tsada?

Duk wanda ya leƙa tashoshin motocin safa na Yamai da asubahi zai tarar da tabarmi a shimfiɗe, mutane kwance sun yi matashi da jakunkunansu. Cikinsu akwai masu jiran mota, akwai kuma waɗanda suka riga suka iso. Wani ya taso daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, wani daga Maraɗi ko Tawa. Jinya ce ta kawo su, ko jarrabawar ɗaukar aiki, ko neman wata takarda a ma'aikata, kuma kuɗin ɗaki ya fi ƙarfin aljihunsu.

Babban birnin bai rasa gadaje ba. Albarkacin taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, an gina manyan otel-otel irin su Radisson Blu da Noom da Bravia. Sai dai don baƙin ƙasa da ƙasa aka yi su. Talaka ƙananan masaukai yake nufa, waɗanda ake kira oberj, kuma a can ma lissafin ba ya fita. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata. A ɗauka ɗaki jikka 10 ne a dare: kwana huɗu sun kusa cinye albashin wata, ba a yi zancen abinci da kuɗin tasi ba.

Mai masauki ma yana da nasa uzurin. Galibi gidan haya ne ya mayar masauki, yana biyan haya da ruwa da mai gadi ko da ɗakuna sun kwana wayam. Ga wutar lantarki. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce digiri 40, ɗakin da ba fanka ba ya kwanuwa. Lokacin da Najeriya ta katse wuta a watan Agustan 2023, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa, wanda ya tayar da janareta sai ya ɗora kuɗin mai kan baƙo. Farashi kuwa idan ya hau, da wuya ya sauko.

Amma babbar matsalar tana cikin ma'aunin da ake sayarwa da shi. A nan ɗaki ake sayarwa ɗungurungum, ko mutum ɗaya ne zai kwana ciki. A manyan birane irin su Paris da Landan, masaukan masu ƙaramin ƙarfi gado suke sayarwa: mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya, kowa da akwatin ajiyar kayansa, makewayi na kowa da kowa. Can ma farashi kan tashi lokacin cunkoso, amma kuɗin ɗakin yana rabuwa a kan mutane da yawa. Bugu da ƙari, wasu ƙananan masaukanmu sun fi samun riba da hayar awa-awa, abin da ya ɓata sunansu har mace mai rakiyar majinyaci ke gudun a gan ta a ƙofarsu.

A da, ƙasar Hausa tana da maganin wannan. Baƙo kan sauka a zango ko gidan fatoma, ya ci ya kwana, fatoma ya fanshe ɗawainiyarsa da la'adar goro ko shanun da aka sayar. Baƙon yau bai zo da haja ba, takardar likita ce a hannunsa. Idan ba shi da ɗan uwa a birni, sai tasha, ko masallaci, ko harabar asibiti.

Gyaran ba ya buƙatar miliyoyi masu yawa. Hukumar birnin Yamai na iya sassauta haraji ga duk wanda ya buɗe masaukin gado-gado kusa da asibitoci da tashoshi, maza daban mata daban, da sharaɗin ya liƙa farashi a ƙofa. Ƙungiyoyin ƴan asalin jihohi da ke zaune a Yamai, waɗanda suka saba haɗa gudummawar biki da rasuwa, su ma za su iya kama gida ɗaya don mutanensu. Ƙayyade farashi da doka kaɗai ba zai ƙara gado ko ɗaya ba.

Kafin nan, mai shirin zuwa Yamai ya fara tambayar inda zai kwana tun bai sayi tikiti ba.