Raddi ga mai cewa fadama ba ta mutuwa

Wani ɗan'uwa ya tsaya kai da fata cewa fadamun gishiri na bakin teku za su riƙe kansu komai hauhawar ruwa, kuma wai mu mutanen Maraɗi ba ruwanmu da zancen. Hujjoji uku ya kafa, ga amsarsu.

Ta farko, wai ƙarin ruwan bai taka kara ya karya ba. To, daga 1901 zuwa 2018 teku ta hau da kusan santimita 20. Saurin ne abin tsoro: milimita 1.3 a shekara kafin 1971, ya koma 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Fadamar gishiri kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ruwan da bai kai idon sawu ba ya isa ya shaƙe saiwar ciyawarta.

Ta biyu, wai fadama tana ɗaga kanta da lakar da ruwa ke kawo mata. Haka ne, malam, amma sai lakar ta iso. Tambayi tsofaffin manoman Tibiri da Gidan Rumji. Da, in Gulbin Maraɗi ya cika ya janye, baƙar laka yake bari mai santsi, ƙafa tana nutsewa a ciki, a dasa taba da tumatir ba tare da taki ba. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, malalar ta ragu, lakar ma tana kwanciya a bayan bango. Irin wannan yunwar laka ce, daga madatsu da ganuwoyin kogin Misisifi, ta taimaka wajen cinye gaɓar Luwiziyana a Amurka. Wanda ya ga haka a gulbinsa bai kamata ya musanta shi a teku ba.

Ta uku, wai in ruwa ya matso, fadama sai ta ja da baya zuwa tudu. Ta bi ta ina? Bayanta akwai titi da gidaje da gonaki. Mu ma mun ga irin wannan matsi a Gulbin Kaba, wajen Gazawa da Agye: gona ta ci gefen dajin goruba, ana yanke kaba tun tana ƙarama, kututture ba ya samun sararin tashi. Wannan yana ci mini rai, domin da kabar nan mata ke saƙa tabarmar da suke kai wa kasuwa su sayi hatsi lokacin bazara.