Daga Maraɗi zuwa Katsina, me ya kai mu Faris?

Mai zuwa Katsina daga Maraɗi, Ɗan Isa yake bi ya faɗa Jibiya. Wanda ya nufi Faris da sunan yanke, sai a duba lafiyarsa. Amma irin wannan tafiya muke sa ƴaƴanmu su yi kullum a darasin Ingilishi. Tun daga ajin farko na koleji, malami yakan rubuta kalmar Ingilishi a allo, ya sa ta Faransanci a gabanta, yaro ya kwafe ya haddace. Hausar da yake tunani da ita kuwa an bar ta a bakin ƙofa. Ni malamin Faransanci ne, da shi nake cin abinci, saboda haka babu zancen ƙiyayya. Cewa nake wannan hanya tana ɓad da yara, kuma ɓatan ya fi fitowa fili a siffofin da ke bayyana tsoro da kaifi da ƙarfin zuciya.

Mu fara da “nervous”. Ita da “nerveux” uwa ɗaya suka fito, kalmar Latin “nervus”, wato jijiya. Wannan kama ce ke ruɗin yaro. Bafaranshe yakan kira mai saurin hasala “nerveux”, har mota mai saurin ɗaukar gudu yakan ce mata “nerveuse”, kuma yabo ne. A Ingilishin yau kuwa, “nervous” shi ne wanda gabansa ke faɗuwa, mai ɗar-ɗar, kamar ɗalibi a safiyar jarrabawa. To, yaron da ya so ya ce mahaifinsa mai zafin rai ne, ya kira shi “nervous”, ya mai da dattijo matsoraci bai sani ba. Haka “brave”: a bakin Bafaranshe “un brave homme” mutumin kirki ne, a bakin Baturen Ingila jarumi ne. Da an ce wa yaro “faɗuwar gaba” da “jarumi” tun farko, da an huta.

Sai “nerve”, wadda ƙamus ɗin Faransanci ke raba wa gida biyu, “courage” da “culot”, yaro ya rasa dalilin da ya haɗa yabo da zargi a kalma guda. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Muna yaba wa wanda ya shiga gobara ya ceci yaro da ƙarfin hali, muna kuma cewa ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Daidai wa daida ke nan. Daga ita aka samu “nervy”, wadda a Ingila take nufin mai fargaba, a Amurka kuma mai tsaurin ido. Ga “edgy”, daga “edge”, bakin wuƙa: tana nufin wanda hankalinsa bai kwanta ba, kiris yake jira, tana kuma nufin waƙa ko fim ko tufafin da suka yi ƙuru suka taka iyakar abin da jama'a suka saba. “Bold” ma yabo ce a yawancin wurare, amma a Ailan uwa takan faɗa wa yaro marar jin magana.

Kan “sharp” ne abin ya fi ba ni takaici. Faransanci sai ya tara “tranchant” da “aigu” da “vif” da “acerbe” kafin ya kewaye ta. Hausa kuwa tafiya take yi da ita kafaɗa da kafaɗa: kaifin wuƙa, kaifin basira, kaifin ido, kaifin harshe. Inda suka rabu ma abin koyarwa ne, domin “sharp practice” a ciniki ha'inci ne. Ɗan Maraɗin da zai yi hulɗa da ƴan kasuwar Legas ya kamata ya san lokacin da aka yabi basirarsa da lokacin da ake yi masa habaicin wayo.

Na san abin da abokan aiki za su ce. Na farko, ajin Yamai ya haɗa Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare, Faransanci ne kaɗai ya game su. Wannan gaskiya ce a Yamai, kuma maganinta shi ne a tambayi kowane yaro yadda ake faɗin abin a gidansu. Amma wace hujja ce wannan a Tasawa ko Madawa ko Matamai, inda kusan duk ajin Hausa yake ji? Na biyu, wai babu kayan aiki. Ƙamus ɗin Bargery ya fito tun 1934, na Abraham a 1949, na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman a 1990. Kayan aiki suna nan. Shigo da su aji ne ba mu yi ba. Na uku shi ne wanda ba a faɗa a fili: kunyar a ji Hausa a bakin malamin lise. Wannan ciwo ne da muka gada daga zamanin da ake hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa a harabar lakwal, kuma ya isa haka.

Makarantun gwaji masu harshe biyu sun fara a Damagaram tun 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Takarda ta yi nata. Idan Ingilishi ya zama harshen aiki alhali yaranmu ta tagar Faransanci suke leƙensa, to, kuskuren da ake yi a aji zai koma ofis da kwangila da asibiti.

Saboda haka ina kira ga malaman Ingilishi da na Hausa da na Faransanci a kowace makaranta, su zauna ko sau ɗaya a wata, su jera irin waɗannan kalmomi layi uku, kowace da jimlarta. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma su tattara abin da aka samu daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, su buga ɗan ƙaramin littafi mai araha. Malamin da ya ga sufeto ya shigo, ya daure ya ci gaba da rubuta “ɗar-ɗar” a gaban “nervous”. In an tambaye shi dalili, ya sa yaro ya yi jimla da kalmar, a ji.