Wane ne masani? Tarihin wata kalmar Ingilishi

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, nauyin da ke bisa wuyan masu fassara ya ƙaru. Takarda takan zo da safe cikin Ingilishi, a ce a juya ta kafin azahar. In mai fassara ya tarar da kalmar erudite cikinta, ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya rubuta "masani", ya wuce. Ƙamus ya ba shi gaskiya. Amma kalmar nan ta yi shekara wajen 600 cikin bakin Ingilishi, kuma abin da take nufi ranar da ta shigo ya bambanta da abin da take nufi yau. Wanda ya san tafiyarta zai yi jinkiri kaɗan kafin ya aza alƙalami.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna da wata kalma, rudis, wadda suke kiran duk abin da hannu bai taɓa gyarawa ba da ita: dutsen da ba a sassaƙa ba, tagullar da ba a ƙera ba, har da saurayin da bai san kome ba ga sha'anin yaƙi. Watau ɗanye. Sai suka liƙa mata wani ɗan harafi a gaba mai ma'anar "fitarwa", ta zama erudire, wato a fid da mutum daga ɗanyantaka. Wanda aka yi wa wannan aiki shi ne eruditus. To, a lura da kyau: kalmar ba ta ƙidaya littattafan da mutum ya karanta ba. Aikin da aka yi a kansa take faɗi, kamar yadda masassaƙi ke sa gizago ga gungumen icce har turmi ya fito. Hausa tana da kalmar da ta yi kusa da wannan ƙwarai, ita ce "gogagge". Ƙwarya ake gogewa, mutum ma duniya da malamai suke goge shi.

Akwai wani abin lura ga wanda ya koyi karatu da girmansa. Daga wannan saiwa ta rudis ne Ingilishi da Faransanci suka samo kalmar rudiment, sunan da suke ba matakin farko na kowane koyo, irin su baƙaƙe da wasula da ƙidaya daga ɗaya zuwa goma. Ashe dattijon da ke haɗa "ba" da "ka" a ajin yamma da shehin malamin jami'a, sunayen ayyukansu tushe guda suka fito. Kalmar da kanta tana shaida cewa ba a haifi kowa goge ba. Hausawa sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da yawa sun fake da wannan karin magana sun ƙi zuwa aji don furfura. Amma tanƙwarawa daban, sassaƙa daban. Busasshen icce ma masassaƙi yana iya sassaƙa shi.

Kalmar ta shiga rubutun Ingilishi cikin ƙarni na 15, kafin William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476. A wancan zamani tana nufin horarre, wanda aka koyar da shi da kyau. Ƙarni na 16 ya ƙara mata daraja, zamanin su Erasmus, wanda ya rasu a 1536, da abokinsa Thomas More, mutanen da suka ɗauka cewa karatun harsunan dā yana gyara hali, ba kai kaɗai yake cikawa ba. Erasmus ɗin nan, duk da zurfinsa, bai ga ƙasƙanci ba ga rubuta ɗan littafin ladabi domin yara a 1530, har da yadda ake zama wurin cin abinci.

Kuma ilimin irin waɗannan mutane yana da haƙora. A 1440 wani Ba'italiye, Lorenzo Valla, ya ɗauki wata takarda da aka daɗe ana cewa Sarki Kwanstantin, wanda ya rasu a 337, shi ya rubuta ta ya miƙa wa Paparoma mulkin yammacin daularsa. Valla ya bi ta kalma kalma, ya nuna cewa cikinta akwai lafuzza da sunayen sarautu waɗanda Rumawan zamanin sarkin ba su yi aiki da su ba. Takardar jabu ce, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa aka ƙaga ta. A 1681 kuma wani Bafaranshe, Jean Mabillon, ya tsara ƙa'idodin gane tsohuwar takarda ta gaskiya da ta ƙarya, ta duban hatimi da tawada da salon rubutu. Duk ma'aikacin da aka taɓa kawo wa takardun gona guda biyu, kowace tana ƙaryata ƴar'uwarta, ya san amfanin wannan sani.

Daga nan sai kalmar ta soma ramewa. Sannu a hankali ma'anar horo ta zube, abin da ya saura shi ne tarin sani daga littattafai, musamman sanin abubuwan da jama'a ba su damu da su ba. A Faransa, cikin gabatarwar babban kundin ilimi na 1751, d'Alembert ya raba ayyukan hankali, ya ajiye érudit a ɓangaren hadda, ya ba masu falsafa ɓangaren tunani. Shi kansa ya kāre masu wannan karatu daga masu raina su, amma rabon ya riga ya zauna cikin zukata: wannan yana tuna abu, wancan yana fahimtarsa. A Ingila marubuciya George Eliot ta zana hoton irin wannan mutum cikin littafinta Middlemarch, wanda ya fito a 1871 da 1872. Casaubon, wani limamin coci, ya ƙare rayuwarsa yana tara bayanai domin littafin da zai warware asalin tatsuniyoyin duniya duka. Bai iya Jamusanci ba, saboda haka bai san cewa masanan Jamus sun riga sun wuce inda yake ba. Ya mutu ya bar tulin takardu, littafi bai fito ba. Ba mamaki da masu babban ƙamus na Oksfod, wanda aka soma fitarwa a 1884 aka gama a 1928, suka lura cewa a zamaninsu ba a cika kiran mutum erudite ba sai da ba'a. Yau kalmar ta ɗan farfaɗo, ana yabo da ita, amma har yanzu Bature yakan faɗe ta da ɗan murmushi a gefen baki.

Ba ƙyashin jahilai ne ya jawo mata wannan faɗuwa ba. Masu sunan ne suka riƙe tarin sani suka saki gogewa. Abin dariya ma, ƴar'uwarta ta jini cikin Ingilishi ita ce rude, wadda yau take nufin marar ladabi. Babban ma'aikacin da ya cika jawabinsa da manyan kalmomi, sa'an nan ya daka wa tsohon da ya zo neman takardar haihuwar jikansa tsawa, Rumawan dā da sun ce aikin da ake yi a kansa bai ƙare ba, ko digiri nawa ya rataya ga bango.

Saboda haka bai kamata mai fassara ya riƙe kalma guda ya yi ta bugawa kamar hatimi ba. In takardar ta tsohon zamani ce, ta su Erasmus, "gogagge" ko "horarre" sun fi kusa da nufin mai rubutu. In ta yau ce, kuma yabo ake yi, "mai zurfin ilimi" ta fi "masani", domin masani yana iya zama masanin abu guda, kamar masanin ƙasa ko masanin magani, alhali erudite faɗin karatu take nufi. In kuwa ya ji ƙanshin ba'a cikin jimlar, kada ya share ta don kunya. Hausa ba ta buƙatar sabuwar kalma a nan: ya rubuta "masani", ya sa mata "wai" a gaba.